Galway a Watan Yuli: Inda Ƙananan Finafinan Ayalan Ke Fitowa

Daga tashar Heuston ta Dublin zuwa Galway tafiyar kusan awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa. Na sauka ana tsakiyar bikin Galway Film Fleadh, wanda ake yi tun 1989; "fla" ake furta kalmar ƙarshen. Daga tasha zuwa Town Hall Theatre, inda aka fi haska finafinan, minti goma ne a ƙafa, amma a riƙe rigar ruwa, don ruwan yammacin Ayalan ba ya sallama.

Yanayin nan shi ne ciwon kan masu ɗaukar fim. A ɗauki fuskar jaruma cikin rana, kafin a juya kyamara kan abokin maganarta gari ya lumshe, wajen tacewa sai guntayen biyu su ƙi haɗuwa. Shi ya sa mai hankali ke ajiye fitowar cikin ɗaki a jadawalinsa, ya koma mata da zarar hadari ya taso.

Na fi daɗewa a kasuwar bikin, inda furodusoshi ke zama da masu zuba jari. Zancen bai wuce Sashe na 481 na dokar harajin Ayalan ba: rangwamen haraji na kashi 32 cikin ɗari na abin da aka kashe a ƙasar. Sharaɗi shi ne kuɗin fim ɗin ya kai yuro 250,000, aƙalla 125,000 a cikin Ayalan, a kuma buɗe wa kowane fim kamfaninsa. Inda ake tuntuɓe, takardar shaidar ma'aikatar al'adu: ana nemanta kwanakin aiki 21 kafin a fara. Wanda ya ɗora kyamara tukuna ya yi sake.

Washegari na bi bakin teku zuwa Baile na hAbhann a Connemara, mazaunin tashar talabijin ta TG4 mai watsa shiri da harshen Ayalan tun 1996. Shirinta na tallafa wa finafinai mai suna Cine4, tare da Screen Ireland, hukumar finafinan ƙasar, shi ya haifar da An Cailín Ciúin (wato "yarinya mai shiru") na darakta Colm Bairéad, fim na farko da harshen da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar, a 2023. Mai sharhin da ya tsaya yabon harshen kawai, a ganina, ya rage wa fim ɗin haƙƙinsa. Ya dubi hoton ma: an matse shi kusan murabba'i, kyamara kuma sau da yawa tana daidai tsayin yarinyar, har mai kallo ya riƙa ganin ɗakin girki da manyan gidan yadda ita take ganinsu.