Ranar da Gini Ya Yi Nasara Amma Manhaja Ta Fito da Nakasa

Shekaru da dama ina cikin masu sa kai da ke kula da ƙunshin manhajoji a wani tsarin Linux, kuma aikina shi ne in tabbatar kowane ƙunshi yana ginuwa daga lambar tushe duk lokacin da aka sabunta kayan gini. Da GCC 14 (GCC shi ne kayan da ke harhaɗa lambar tushe ta zama manhaja) ya fito a watan Mayun 2024, ya mayar da wasu gargaɗi da aka daɗe ana kau da kai a kansu zuwa kurakurai masu tsayar da aiki, musamman kiran wani aiki a harshen C ba tare da an gabatar da shi tun farko ba, wanda ƙa'idar C99 ta haramta tun 1999. Na sake gina ƙunshina a wata ma'ajiya ta gefe, na ware waɗanda suka faɗi, na yi musu faci ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗauka cewa na gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Bayan 'yan makonni wani mai amfani ya kawo ƙorafi cewa wata tsohuwar manhaja ta daina buɗe fayilolin da aka matse, alhali kuwa gininta bai taɓa faɗuwa ba. Na shafe kwana biyu ina zargin laburaren matsewa kafin in ajiye tsohon rahoton gini kusa da sabo, inda na ga layi ɗaya tak ya sauya daga "yes" zuwa "no". Rubutun configure da Autoconf (wani kayan shirya gini) ke samarwa yakan harhaɗa ƙananan shirye-shiryen gwaji domin ya gano abin da kwamfuta ke da shi, kuma ɗaya daga cikinsu ya kira aikin exit ba tare da ya shigar da stdlib.h, fayil ɗin da ke gabatar da shi, ba. Sabon GCC ya ƙi harhaɗa gwajin, configure kuma ya fassara ƙin a matsayin rashin laburaren, ya kashe wannan ɓangare shiru, gini ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Laifin nawa ne, domin na duba waɗanda suka faɗi kawai, ban waiwayi waɗanda suka wuce ba.

Tun daga lokacin na riƙa adana fayil ɗin config.log (rahoton gwaje-gwajen configure) da jerin fayilolin da kowane ƙunshi ya samar, ina kwatanta su kafin sabuntawa da bayanta. Wani abokin aiki ya ba da shawarar mu sanya -fpermissive, zaɓin GCC da ke mayar da waɗannan kurakurai gargaɗi kawai, ga dukkan ƙunshi a huta, amma na ƙi, saboda hakan ɓoye ciwo ne, kuma bayan shekara biyu babu wanda zai tuna dalilin da ya sa aka sanya shi.

Da CMake 4.0 (CMake wani kayan tsara gini ne) ya zo a watan Maris na 2025, ya daina karɓar ayyukan da suka ayyana sigar da ta gaza 3.5 a cikin cmake_minimum_required, layin da ke faɗin mafi ƙanƙantar sigar CMake da aikin ke buƙata. Wannan bai tayar mini da hankali ba, tunda kuskure ne da ke bayyana kansa a daƙiƙar farko. Ga manhajojin da masu su suka yi watsi da su, na sanya CMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5, saitin da ke ɗaga wannan lamba zuwa 3.5, a cikin ƙunshin kaɗai, tare da rubuta dalili da kwanan wata a gefensa. Ga waɗanda ake kula da su kuwa, na aika facin ga masu asalin manhajar, ko da yake wasu sun ɗauki watanni kafin su amsa. Duk da haka na sake kwatanta jerin fayiloli, domin ɗaga wannan lamba yana kunna sababbin ɗabi'u na CMake, kuma sai da na tabbatar babu laburaren da ya ɓace ko ya sauya mazauni kafin na tura ƙunshin zuwa babbar ma'ajiya.