Wasiƙa daga Toronto: kafin ku canza waya, ku dubi rana

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasan Katsina masu ɗaukar bidiyo da waya. Ina gaishe ku daga Toronto ta ƙasar Kanada, inda a watan Disamba rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, mutum ya wuni yana kewar hasken gida.

Ɗan yayata ne ya jawo wannan wasiƙa. Ya turo mini bidiyon hawan Sallah da ya ɗauka a Ƙofar Soro, tare da saƙon murya: "Kawu, ni fa so nake ya fito kamar fim, amma wayar nan ta ƙi. Don Allah ka aiko mini da babba." Na kalla sau uku. Dawakai sun sha ado, ba laifi. Amma rana ta take, fararen riguna sun ƙone sun zama fari fat, fuskokin mahaya sun dushe a ƙarƙashin rawani, hannunsa na rawa, kuma duk bayan daƙiƙa biyu sai ya sa yatsu ya jawo hoton. A cikin waɗannan ban ga laifin waya ko ɗaya ba. A 2015 an nuna wani fim a bikin finafinai na Sundance a Amurka wanda aka ɗauka da iPhone 5s, wayar da ta fito tun 2013. Yau in ka kai irinta kasuwar waya, da ƙyar a taya.

Bari in fara da lissafi, don a nan na taɓa cin ƙasa. Bidiyo hotuna ne a jere. Fim na sinima hoto 24 yake ɗauka a daƙiƙa tun zamanin da aka fara haɗa shi da sauti, ita kuwa waya ta saba da 30 ko 60, shi ya sa motsinta yake fitowa tsaf-tsaf kamar labaran talabijin. Sai kuma ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗe ido ga kowane hoto. Ƙa'idar masu sana'a ita ce a ninka adadin hotunan: in 24 ne, ƙiftawa ta zama 1/48 na daƙiƙa. Hakan ne ke sa ƙafar doki mai sukuwa ta ɗan shafe kaɗan, yadda idon mutum ya saba gani.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yawancin masu koyar da wannan a YouTube suna Amurka ne, kuma wutar lantarkinsu, kamar ta nan Kanada, tana kai da komowa sau 60 a daƙiƙa. Tamu ta Najeriya 50 ce, kuma in saitin kyamara bai dace da wutar ba, sai hasken fitila ya ɓata hoton. Zuwana gida na ƙarshe, na ɗauki kamun wata ƙanwata da daddare, wayata na kan saitin nan, 30 da 1/60, ina ta hura hanci wai na zo da ilimin Turai. Da na buɗe washegari, sai ga wasu layuka masu duhu suna ta gangarowa kan fuskar amarya tun daga farko har ƙarshe. Har yau goggonnina ba su daina yi mini tsiya ba. Ku sa 25 da 1/50, ku huta. Idan janareta ne kuwa, shi ba ya tsayawa kan lamba ɗaya, sai ku ɗauki gwaji na daƙiƙa goma ku duba kafin taro ya kankama. In kyamarar wayarku ba ta ba da damar taɓa waɗannan, akwai manhajar Blackmagic Camera kyauta, sai dai ba kowace Android take karɓa ba. Open Camera ta fi sauƙin kai.

Da rana kuma 1/50 zai cika ido da haske, don idon yawancin wayoyi ba ya tsukewa kamar na babbar kyamara. Maganinsa ɗan baƙin gilashi ne da ake cewa ND, ana maƙala shi a kan kyamarar kamar tabarau.

Amma abin da ya fi cin raina shi ne hasken da kuke da shi kuke wasa da shi. A nan, masu ɗaukar fim hayar na'ura suke yi ta fesa hayaƙi a ɗaki don haske ya yi laushi. Ku Allah Yana aiko muku da hazon hunturu kyauta, wata da watanni. Ku je Hasumiyar Gobarau bayan la'asar sakaliya, lokacin da rana ta sunkuya, ku ga yadda jar ƙasar ginin ke ɗaukar haske, kowane saƙo da lungu ya fito da inuwarsa. Ku tsaya yadda rana za ta bugi mutum ta gefe ko ta baya, ƙurar da keke ya tayar ma sai ta zama ado. Zaure kuwa, ni ban san ɗakin ɗaukar hoto da ya fi shi ba. Ku kashe ƙwan fitila, ku zaunar da dattijo kusa da ƙofa, haske ya shigo ta gefe guda, bayansa ya yi duhu. In ɗaya kuncin ya yi baƙi da yawa, yaro ya riƙe farin zane daga can gefen ya mayar masa da haske. Sannan ku danna yatsa a kan fuskar ku riƙe har wayar ta kulle saitin hasken, don in kun bar ta da dabararta, farar shadda za ta ruɗe ta ta duhunta fatar mutum.

Jawo hoto da yatsu ku bar shi; ku taka da ƙafa ku matsa. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ko ku kifa turmi ku ɗora wayar a kan ƙullin shinkafa. Ku goge gilashin da gefen riga, ku bar kowace ɗauka ta kai daƙiƙa goma.

Sauti ma kada a raina shi. Mutane suna haƙuri da hoto mai hatsi-hatsi, amma ba sa zama su saurari iska da kukan janareta. Waya ta biyu a aljihun gaban mai magana tana ɗaukar murya ta wadatar. Ku tafa sau ɗaya a farko don haɗa sauti da hoto ya zo da sauƙi wajen tacewa. Su kuma baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasa da ake sa wa bidiyo don ya yi kama da fim, da kalolin manhajar tace bidiyo ta CapCut masu mayar da Bakatsine ruwan lemo, a yi hattara; kaɗan ya isa.

Shi ɗan yayar nawa ban aika masa da waya ba. Na ba wani mai tahowa gilashin ND da ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuya, da sharaɗin ya nemi izinin Hajiya, ya zaunar da ita a bakin zauren gidanmu da hantsi, ya ɗauko mini ita tana ba da labarin yadda aka kawo ta Katsina amarya. Ina nan ina jira.

Wassalam,
ɗan uwanku a Toronto.