Darasin da Ruɓewar Karan Dankali ta Koya Mini a Samaru

A tsawon karatun da na yi kan inganta irin shuka a Samaru da ke Zariya, darasin da ya fi zauna mini shi ne cewa ganin dankali kore shar a gona bai isa hujjar cewa yana da juriyar cuta ba. Funfunar Fusarium, wadda ke haddasa ruɓewar kara a dankalin Hausa, tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru, ta shiga yaɗo ta bakin da aka yanka shi, sannan ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Tsofaffin ganyaye ne ke fara yin rawaya, idan kuma aka tsaga karan sai a tarar cikinsa ya yi duhu. Sai dai cutar ba ta mamaye gona bai ɗaya, don haka wata kunyar takan tsira saboda kawai funfunar ba ta kai gare ta ba.

Wannan ne ya sa mai bincike yake sa wa shukarsa cutar da gangan. Ana tsoma bakin kowane yanke a ruwan da aka cakuɗa da funfunar kafin a dasa, kuma dole a dasa wani iri da aka san raunin sa a gefe, domin idan shi bai kamu ba, to gwajin ya ɓaci gaba ɗaya, komai kyan sauran. A ganina, wannan layi na irin mai rauni ya fi kowane layi daraja a filin gwaji, ko da yake shi ne wanda baƙi ba su tsayawa kallo.

Barbarar ire-iren dankali don samun mai juriya ma ba ta da sauƙi, domin dankali yana da jerin ƙwayoyin gado ninki shida, yawancin ire-irensa ba sa karɓar garin furen kansu, kuma kowace ƙwayar iri da aka samu tana fitowa da halinta daban. Alherin da ke ciki shi ne, da zarar an dace da mai juriya, yaɗonsa zai riƙe halin ba tare da sauyi ba. Wani iri da aka ɗauko daga tsibirin Tinian da ke Tekun Pasifik a 1946 shi ne ya zama tushen juriyar ire-ire da dama a Amurka.

A Najeriya, alhakin binciken amfanin gona masu saiwa yana wuyan cibiyar Umudike a Jihar Abiya, yayin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fi mai da hankali kan dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga. Duk da haka, ina da yaƙinin cewa sai an gwada sabon iri a ƙasarmu, domin manomanmu suna ajiye yaɗo a fadama da rani, suna raba wa juna idan damina ta kankama, kuma ta wannan hanya ce cutar ke tsallakawa daga gona zuwa gona.