Alhamdulillahi, Auta ya dawo gida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya bayan La'asar muka tarbo Auta a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Ya rame, tafin hannunsa duk ya yi kanta saboda jan igiya, amma da ƙafarsa ya sauko. Alhamdulillahi. Har yanzu jikina bai gama saki ba, don haka wanda na tsallake sunansa ya yafe mini.

Kun san yadda tafiyar ta kasance, ba sai na maimaita ba. Gasar Tall Ships ce, wadda ake yi a tekunan Turai tun 1956, ta jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska, kuma ƙa'idarsu ita ce aƙalla rabin ma'aikatan kowane jirgi su kasance matasa 'yan shekara 15 zuwa 25. Yaran ne ke jan igiya, su riƙe sitiyari, su wanke kwanuka, su yi gadi awa huɗu-huɗu dare da rana. Yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne kogin Kaduna daga saman gada.

Daren da ɗigon jirginsu ya daina motsi a taswirar wayata, a tekun Biske tsakanin Faransa da Sifen, ba zan manta da shi ba. Ga labarin guguwa, ga wayarsa ba ta shiga. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Maman 'yan biyu, maƙwabciyata, na san ba kya son a ambace ki, amma yau sai na faɗa. Kin tsallako cikin dare da hijabinki da carbinki, ba ki ce mini "ki yi haƙuri" ba ko sau ɗaya, kin shimfiɗa sallaya kusa da tawa muka yi ta nafila har aka kira Asuba. Ɗanki ne da safe ya fahimtar da ni cewa idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, na'urorin bakin teku ba sa kama shi, shi ya sa ɗigon ya tsaya. Allah Ya raya miki su, Ya sa ki ga aurensu, Ya haɗa ki da Annabi (SAW) a Aljanna.

A can kuma, Auta ya ce a wannan daren jiri da amai sun kayar da shi, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Kukun jirgin, wata dattijuwar Baturiya, ita ta zauna a kansa tana ba shi shayin citta da busasshen biskit kaɗan-kaɗan. Shugaban rukuninsu kuwa, da ya lura yaron na neman alƙibla alhali jirgi na ta juyawa, kullum sai ya duba kamfas ya nuna masa gabas. Ban san su ba, ba addininmu ɗaya ba, amma sun riƙe mini ɗa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya shirye su.

Kawu na Tudun Wada da ya cika mana kuɗin tikiti, Malam da ɗaliban Islamiyyarmu ta Unguwar Rimi da suka sauke Alƙur'ani, Goggo da ta riƙe mini gida, Allah Ya biya muku bukatunku na duniya da lahira. Waɗanda suka ce na jefa maraya a ruwa, har yau ba su buga waya sun tambayi ko ya fito ba. To, ya fito. Gidan dai a buɗe yake.

Za mu yi 'yar walima ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Don Allah masu zuwa gaishe shi a bari sai gobe, barci yake yi tun jiya.