Daga Ogere Zuwa Apapa a Gaban Tirela

Kawuna yana da tireloli biyu. Ɗaya mai bodi ce, wadda shi da kansa yake tuƙawa, yana ɗauko albasa daga Aliero ta jihar Kebbi zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ɗayar kuma mai shimfiɗaɗɗen baya ce da ke dakon kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya danƙa ta amana a hannun wani direba. Na daɗe ina jin koken irinsa a majalisarmu ta Agege, inda ƙananan masu motoci suke cewa sai an gyara tsarin sufurin hanya kafin sana'arsu ta tsaya da ƙafarta, don haka na roƙe shi ya bar ni in zauna a gaban mota in ga abin da idona.

A Ogere na tare shi, a kan babbar hanyar Ibadan zuwa Legas, bayan ya riga ya baro Kontagora da Mokwa, ya haye gadar Jebba, ya ratsa Ilorin da Ogbomosho da Oyo. Ogere zango ne na manyan motoci. Tireloli da tankoki sun jeru a gefen kwalta iya ganin ido, ga masu shayi da masu faci da kanikawa, kuma Hausa ake ji ta ko'ina tamkar mutum yana wata tasha a Funtuwa. Yaron motar Kawu ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi yana barci, ƙafafunsa duk baƙin mai. Bayan mun gaisa, Kawu ya buɗe aljihun gaban mota ya ciro wani ƙunshin takardu da aka ɗaure da roba ya ɗora mini a cinya.

"Ɗana, ƙirga ka gani," in ji shi. "Wannan na sawu ɗaya ne kawai."

Rasitai ne kala-kala, wasu an buga musu hatimi, wasu kuwa yagaggiyar takarda ce da aka yi wa rubutu da biro. Akwai na amfanin gona, akwai na muhalli, akwai na lodi da saukewa, har da na rediyon mota, kuma kowace jiha da ƙaramar hukuma da tata sitikar, wadda maƙwabciyarta ba ta yarda da ita ba. Abin da ba a ba da takardarsa ma ya fi yawa, wato na masu gindaya itace mai ƙusoshi a tsakiyar hanya da dare. Abin takaicin shi ne doka ta riga ta yi magana a kan wannan, domin dokar haraji ta 1998 ta hana kowa, har da hukumar haraji kanta, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Masu motoci ba sabuwar doka suke nema a nan ba, so suke a yi aiki da wadda ke ƙasa, a kuma dunƙule abin da ya halatta ya zama biya ɗaya da za a amince da shi daga inda aka yi lodi har inda za a sauke.

Cikin dare muka tashi, saboda dokar hanya ta jihar Legas ta taƙaita zirga-zirgar tireloli a cikin birni da rana, kuma albasa ba ta son zafi. Hanyar nan da aka fara sake ginawa a 2013 ta yi kyau ƙwarai, Kawu kuma bai ɓoye yabonsa ba. Ya ce da tsakanin Mokwa da Jebba haka take, da tsakanin Oyo da Ogbomosho haka take, da tayar da yake canzawa a shekara ta ragu sosai. Ya tuna mini da 2017, lokacin da gadar Tatabu ta karye a jihar Neja, motocin Arewa suka yi ta kwana a daji kaya yana ruɓewa a cikinsu. Muka haye doguwar gada, muka wuce kasuwar shanu ta Kara, muka shiga Berger, daga nan sai Ojota da Ketu, kafin kiran assalatu muna bakin Mile 12.

A kasuwar ne na fahimci lissafin. Ana yanke kuɗin dako tun kafin mota ta tashi, don haka duk abin da aka tatsa a hanya, da duk ƙarin da farashin gas ya yi, da duk kwanan da aka ɓata, daga aljihun mai mota yake fita. A sawu na gaba dole ya ƙara wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ƙara wa matan da ke saro, su kuma su ƙara wa mai cefane. Ina tsaye 'yan dako suna sauke buhuna a kansu, dillali yana farke bakin buhu yana tsince waɗanda suka fara ruwa, kowace albasa da ya jefar gefe kuwa asara ce da jinkirin hanya ya jawo. Mutanen Legas sun ɗanɗana muhimmancin waɗannan motoci a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabo cikin 'yan kwanaki. Yawan haraji a hanya yana cikin koken da ƙungiyar ta gabatar a lokacin.

Da hantsi muka shiga motar haya zuwa Ijora, inda tirelar kwantena take jiran layi a garejin Lilypond. Duk wanda ya san Apapa a shekarun baya ya san yadda manyan motoci suke yin makonni a kan gadar Ijora da hanyar Oshodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Tin Can, direbobi suna wanka da girki a gefen titi. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa ta fito da tsarin Eto, inda mota take yin rajista ta intanet, ta jira a gareji har a kira ta. Direban Kawu ya ce cunkoso ya ragu, wannan ba a musu. Damuwarsa ita ce 'yan kamasho da ke kame gurbi su sayar da tsada, da kuma masu tsare hanya tsakanin gareji da ƙofar tasha, waɗanda ba ruwansu da takardar kiran da ke hannunka. Mai motoci ɗari yana da ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta da wanda ke bin ofisoshi. Mai mota ɗaya ba shi da kowa sai wayarsa.

Bayan la'asar masu motoci suka taru a ƙarƙashin wata rumfa, wasu 'yan NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, wasu 'yan AMATO, ta masu dakon kayan tashar ruwa. Wani dattijo da kowa ke kira Baba shi ne ya jagoranci zaman. An taɓo yajin aikin da NARTO ta shiga a Fabrairun 2024 saboda kuɗin dakon man fetur ya daina biyan gas da kayan gyara. An kuma taɓo rigimar hanyar Lekki zuwa Epe, inda sabuwar tashar ruwa mai zurfi da matatar Dangote suka tara motoci, gwamnatin jiha ta sa naira 12,500 a kan kowace mota a 2025, masu tankoki suka janye motocinsu, daga baya aka daidaita a kan 10,000. Abin da ya fi jan hankalina shi ne babu wanda ya ce kada a biya komai. Wani ya miƙe ya ce, "Baba, mu a karɓa, amma mu ga aikin kuɗin: gareji mai ruwa da makewayi da tsaro, da wurin da direba zai miƙe bayansa." A ganina wannan buƙata ce da ba ta wuce gona da iri ba, domin direban da ya kwana uku a zaune bisa kujera haɗari ne ga duk wanda ya haɗa hanya da shi.

Baba bai bar 'yan'uwansa sun tsira ba. Ya tuna musu kwantenar da ta faɗo kan motar fasinja a Ojuelegba a Janairun 2023 ta hallaka mutane, ya ce duk wanda ya fita ba tare da ya kulle kwantena a jikin mota ba, ko ya yi lodi fiye da ƙima, ko ya hau hanya da sudaɗɗiyar taya, shi ne yake zubar da mutuncin koken kowa. Da aka ambaci hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 da aka fara a Maris na 2025, bayan gobarar tankar mai a mahaɗar Dikko a jihar Neja, sai ya ce rai ya fi mota, illa dai ya kamata a riƙa zama da masu ƙaramin ƙarfi kafin a yanke irin wannan hukunci, a kuma samar musu da bashi mai sauƙi na sauya tsofaffin motoci. Wani matashi ya kawo maganar jirgin ƙasa da tashar sauke kwantena ta kan tudu ta Dala da aka buɗe a Kano a 2023, yana fargabar za su ƙwace musu aiki. Kawu ya amsa masa da cewa jirgi ba ya shiga gona, kuma ba ya kai kaya ƙofar shago.

An tashi a kan cewa kowa zai tattaro rasitan da aka yanka masa, tare da sunan wurin da ranar, a haɗa su da takardar koke a miƙa wa shugabannin ƙungiyoyin biyu domin su kai gaba. Har magariba ba a kira motar kwantena ba. Kawu ya bar wa direban kuɗin abinci, muka koma Mile 12 domin ya nemi lodin da zai koma da shi Arewa, tun da komawa da mota wayam yana cinye ribar sawun gaba ɗaya.