Hoton da Ka Saya da Furen da Aka Kai

Duk wanda ya taɓa yin odar furanni ta intanet a Amurka ya amince da wani sharaɗi, ko ya karanta shi ko bai karanta ba. Sharaɗin yana can ƙasan shafi cikin ƙananan haruffa, kuma abin da yake cewa a taƙaice shi ne, idan ba a samu furen da ke cikin hoto ba, kamfani yana da ikon sa wani a madadinsa, muddin kuɗinsu ɗaya ne ko kuma na biyun ya fi tsada, tare da alkawarin cewa za a yi ƙoƙarin kiyaye launi da fasalin ɗaurin. A rubuce magana ce mai ma'ana, domin fure abu ne mai saurin lalacewa, ba a jibge shi a sito a jira mai saye. Sai dai tun da zama ya kawo ni ƙasar nan, na kuma shiga sahun masu aika furanni ga abokan aiki da maƙwabta, na fahimci cewa a kan wannan sharaɗi aka gina cinikin gaba ɗaya, kuma musanyar da ake yi wa mutane tana da tushe a yadda ake raba kuɗinsu tun kafin a taɓa fure ko ɗaya.

A gida, idan za a je dubiya ko barka, abin da ake riƙewa a hannu shi ne lemo da ayaba, ko sabulu da turmin atamfa, ko kuma kuɗi a ambulan. A nan kuwa fure ne yake zuwa a madadin mutum, shi yake gaisuwa, shi yake ta'aziyya, shi yake ba da haƙuri. Saboda haka wanda ya aika ba ya wurin lokacin da aka buɗe ƙofa, wanda aka kai wa kuma bai san abin da aka biya ba, sannan kunya ba za ta bar shi ya kira ya ce kyautar da aka yi masa ba ta da kyau ba. Ciniki kaɗan ne a duniya da mai saye ba ya ganin kaya, mai karɓa kuma ba ya ganin rasit, kuma wannan gibi shi ne ya ba musanya wurin zama.

Tsarin kansa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1910 wasu masu shagunan furanni suka haɗu a birnin Rochester na jihar New York suka kafa ƙungiyar da ake kira FTD, bisa yarjejeniyar cewa idan mutum ya shiga shago a gari kaza yana son a kai fure a wani gari mai nisa, mai shagon zai aika saƙon ta wayar telegiram ga abokin sana'arsa na can, shi kuma ya haɗa ya kai. Teleflora ta biyo baya a 1934, sannan a 1946 aka haɗa hannu da ƙungiyoyin Turai aka samar da Interflora domin oda ta ketare teku. A wancan zamani mai karɓar oda shi ma mai fure ne, ya san abin da ake samu a kowane yanayi, kuma ya san gobe shi za a aiko wa oda daga wancan ɓangaren, don haka akwai kunya tsakaninsu. Abin da ya canza shi ne bayyanar dillalan da ba su da shago, ba su da firiji, ba su da ko bokiti ɗaya na ruwa, iyakar jarinsu shafin intanet da kuɗin talla. Su ne sukan fito a sahun farko idan ka rubuta sunan gari da kalmar fure a injin bincike.

Lissafin da aka saba da shi a wannan sana'a shi ne, wanda ya karɓi oda yana riƙe kashi 20 cikin ɗari a matsayin la'ada, kamfanin tsakiya da ya isar da saƙon, irin su FTD da Teleflora, yana cire kusan kashi 7, sauran kashi 73 ya tafi ga mai shagon da zai yi aikin. Bari in buga misali da ƙiyasi na kaina domin a ga yadda abin yake. A ce ɗaurin da ke hoto dala 60 ne, aka ƙara maka dala 15 da sunan kuɗin hidima, ka biya 75. Kuɗin hidimar nan yawanci a hannun dillali yake tsayawa, ya kuma ƙara da dala 12 ta la'adarsa. Kamfanin tsakiya ya ɗauki dala 4 da 'yan kai. Abin da ya isa ga mai shago bai kai dala 44 ba, kuma daga ciki zai biya direba da mai, ya sayi tulun gilashi da ƙyallen ɗauri, ya biya ma'aikaciyar da za ta tsaya ta shirya furen, ya kuma fitar da ribarsa. Kai kana jiran kayan dala 75, shi kuwa yana duba firijinsa yana neman abin da zai cika tulu da ɗan abin da ya rage. Idan ya cire furen wardi biyar ya cusa kaneshin, wanda ya fi arha ya kuma fi jure kwanaki, a lissafinsa bai ci amanar kowa ba, domin darajar da aka aiko masa ita ya cika. Wannan ne ma ya sa shaguna da dama suke ƙin karɓar irin waɗannan odar, sai ta riƙa yawo daga shago zuwa shago har ta faɗa hannun wanda ya fi matsuwa.

Shi kansa hoton yana da nasa laifin. An ɗauke shi ne a ɗakin ɗaukar hoto, an juyo da kowane fure yana fuskantar kyamara, an zaɓi waɗanda suka gama buɗewa, kuma sau da yawa ɗaurin da aka nuna shi ne mai girman tsakiya ko babba, alhali farashin da aka rubuta da manyan lambobi na ƙaramin ne. Sannan hoto ɗaya ake nuna wa mutumin Texas da na Minnesota, a watan Janairu da watan Yuli, kamar dai duk shagunan ƙasar abu ɗaya ne a firijinsu. Fure kuwa yana da lokacinsa. Fiyoni, wanda amare suke so ƙwarai, 'yan makonni kawai yake yi a ƙarshen bazarar nan, wajen watan Mayu da Yuni, idan ka gan shi a shafi a wani lokacin daban to ko dai daga ketare aka kawo shi da tsada, ko kuma wani abu za a kai a madadinsa.

Mafi yawan furen da ake sayarwa a Amurka ba a nan ake noma shi ba. Daga Kolombiya da Ekwado yake zuwa, musamman daga gonakin da ke kan tuddai a kewayen Bogota, kuma cinikin ya bunƙasa sosai bayan dokar 1991 da ta cire wa ƙasashen yankin Andes harajin shigo da kaya. Jiragen sama suna sauke shi a Miami, jami'an kwastan su duba shi saboda ƙwari, sannan manyan motoci masu firiji su rarraba shi zuwa hannun 'yan sari. A Turai kuma hanyar ta bi ta gonakin gefen tafkin Naivasha a Kenya da babbar kasuwar gwanjo ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Doguwar hanya irin wannan ba ta rasa inda za ta tsinke. A watan Afrilun 2010, lokacin da tokar dutse mai aman wuta na ƙasar Iceland ta hana jirage tashi a Turai, manoman Kenya sun zubar da furanni masu ɗimbin yawa domin babu yadda za a fitar da su. Ko ba tare da irin wannan babbar matsala ba, makon 14 ga Fabrairu da kuma Lahadi ta biyu a watan Mayu, wato ranar iyaye mata, sun isa su sa jan wardi ya yi tsada ya kuma ƙare a hannun 'yan sari. Don haka ban ɗauki musanya a kan kanta a matsayin zamba ba. Wani lokaci babu makawa sai an yi ta.

Abin da nake ƙi shi ne a yi ta ba tare da an tambaye ni ba. Akwai wata abokiyar aikinmu da mahaifiyarta ta rasu, muka haɗa kuɗi a ofis, aka ɗora mini nauyin yin oda, na zaɓi farin wardi zalla daga wani shafi da ya nuna kamar a garinmu yake. Abin da aka kai mata farin lili ne. Launi bai canza ba, kuɗi ma ƙila lilin ya fi, saboda haka ta fuskar sharaɗi babu abin da aka karya. Amma matar tana da kyanwa a gida, lili kuwa guba ne ga kyanwa, ko garin da ke zubowa daga cikin furen ta lasa yana iya lalata mata ƙoda. Sai da ta fitar da ɗaurin waje a ranar da take karɓar gaisuwa. Da na kira lambar da ke shafin, wanda ya amsa bai san sunan shagon da ya kai kayan ba, abin da ya iya yi kawai shi ne ya karanta mini sharaɗin ya kuma yi mini tayin ragi a oda ta gaba.

Darajar kuɗi da launi, waɗanda su ne ma'aunin da sharaɗin ya sani, ba su ne kaɗai abin da mai aikawa yake dubawa ba. Akwai mai ciwon asma da ba ya jure ƙamshi mai ƙarfi. Akwai wanda ya zaɓi fure kaza domin shi aka riƙe ranar ɗaurin aurensu. A Faransa da Italiya furen kirisantimam na maƙabarta ne, shi ake kai wa kaburbura a farkon watan Nuwamba, alhali a Amurka yana cikin furannin da aka fi cike gurbi da su saboda arha da juriya; idan aka cusa shi a ɗaurin barkar haihuwa aka kai wa Bafaranshiya, an isar da saƙon da mai shi bai aika ba. Kwamfutar dillali ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mai shagon unguwa shi ma yana musanya, kuma ba koyaushe ne ya fi arha ba. Bambancin shi ne da shi kake magana, yana tsaye gaban bokitansa. Idan ka ce farin wardi kake so, zai iya ce maka wanda ya zo wannan makon bai yi kyau ba, amma akwai kaza da ya sauka da safe, ko kuma ka jira zuwa Alhamis. Shawara ta dawo hannunka kafin a kai kaya. Kuma duk dala 75 ɗin nan shagonsa take shiga, in ban da kuɗin direba, don haka abin da ke cikin tulun yakan fi yawa a fili. Kamar tela ne: wanda ka kai wa yadi da hannunka ya auna ka, ya san za ka dawo shagonsa idan ɗinki ya ɓaci, ba ɗaya yake da wanda aka miƙa wa aikinka ta hannu na uku ba. Ni yanzu ba na ma zaɓar hoto. Ina faɗa wa mai shago nawa zan kashe, wane ne za a kai wa, mene ne dalili, da abin da ba na so a sa, sannan in bar shi ya haɗa da mafi kyawun abin da yake da shi a ranar.

Wahalar ita ce gane wane ne na unguwar na gaskiya. Tun a shekarun 1990 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FTC, ta gargaɗi jama'a game da kamfanonin da suke sa sunan gari da lambar wayar gari a littafin lambobi, alhali kiran yana wucewa ne zuwa wata jiha, kuma jihohi da dama sun yi dokokin hana wannan ɓad da kama. Dabarar ta koma intanet, inda kamfani ɗaya yake buɗe shafi na musamman ga kowane gari. Abin da nake yi shi ne in nemi adireshin titi, in duba taswira in ga ko akwai shago da allo a wurin, sannan in kira in tambaya ko zan iya zuwa in ɗauki furen da kaina da yamma. Wanda yake da shago zai faɗa mini ƙarfe nawa suke rufewa, dillali kuwa sai ya fara kame-kame.

Akwai kuma kamfanonin da suke aiko fure a kwali kai tsaye daga gona ko daga ma'ajiyarsu ta hannun masu kai saƙo. Su ba su cika musanya ba, tun da su ke riƙe da kayan da suka ɗauki hotonsa, amma furen yana isowa a tsuke bai buɗe ba, wani lokaci ya kwana a mota cikin zafi ko sanyi, kuma wanda aka kai wa ne zai yanke gindinsa ya nemi tulu ya shirya shi. Ga mai lafiya da ke gida wannan ba matsala ba ne, amma ba abin da za a aika wa majinyaci a asibiti ko gidan makoki ba ne.

Wani lokaci dole takan sa in koma ga manyan shafukan, misali idan wanda zan aika wa yana wata ƙasa da ba na jin harshenta, ko wani ƙauye da na kasa samun lambar shago. A irin wannan hali ina zaɓar ɗaurin da fure iri ɗaya ne a cikinsa, kuma wanda ake samu duk shekara, ina guje wa makon Fabrairu da na Mayu, sannan a gurbin ƙarin bayani ina rubuta cewa idan babu wannan furen a kira ni kafin a sa wani, idan kuma ba a same ni ba a soke odar a mayar mini da kuɗina. Ba duka suke bin wannan umarni ba, shi ya sa nake roƙon wani da ke kusa da mai karɓa ya turo mini hoton abin da aka kai a ranar, domin yawancin kamfanonin kwanaki kaɗan suke bayarwa na shigar da ƙorafi, kuma ba sa sauraron wanda ba shi da hoto.