Yadda harafin ƙ ya cinye mana tarihin shafuka

Har yanzu idan na tuna kiran da Malama ta yi mini da daddare, sai raina ya ɓaci. Ƙaramar wiki ce, wato shafin intanet da kowa a cikinmu zai iya gyarawa, na gina wa ƙungiyarmu ta malaman Hausa, muna tara darussa da karin magana. Wani ya goge mata rabin shafi bisa kuskure, ta ce in maido mata da shi yadda yake makon jiya. Na ce mata minti biyu. Da na buɗe tarihin shafin, sai ga kalmomi a yayyanke, wasu haruffa sun koma alamar tambaya.

Laifina ne, tun ranar da na zana tsarin. Na ga kamar asarar wuri ce a ajiye shafi sukutum don an gyara waƙafi ɗaya. Sai na ajiye sigar farko kawai, kowane gyara kuma in ajiye bambancinsa da na baya. Idan ana son siga ta 40, sai an bi 39 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar sigar shafin da mutane ke gani kuwa tana ajiye daban, shi ya sa aka yi watanni ba wanda ya lura.

Kwana uku na yi ina tono. Ashe lissafin bambancin da na rubuta bayit yake ƙirgawa, wato ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke ajiye bayanai da su, ba harafi ba. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, Ƙ da ƙ bayit biyu-biyu ne, kuma na farkon iri ɗaya ne: C6 98 da C6 99. Haka ɓ da ɗ, C9 93 da C9 97. To, wani malami ya mayar da Ƙ zuwa ƙ, sai tsarin ya ajiye rabin harafi, 99 kaɗai. Rumbun bayanai bai san wannan a matsayin rubutu ba, ya datse shi, gargaɗin da ya bayar kuwa ban tanadi inda zan gan shi ba. Daga wannan gyaran, duk abin da ya biyo baya ya goce. Duk gwajin da na yi da rubutun Turanci na yi shi, inda kowane harafi bayit ɗaya ne. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Wurin da nake tattali ma bai taka kara ya karya ba; hoto ɗaya na waya ya fi shafuka masu yawa nauyi. MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke kai, tana ba kowace siga lambar SHA-1 ta rubutunta, wato lambar tantancewa da ke sauyawa idan rubutun ya sauya. Da na yi haka, da ranar farko na gane an samu matsala. Ko RCS, wata tsohuwar manhajar ajiye sigogi, tun 1982, sabuwar siga take ajiyewa cikakkiya ta riƙa komawa baya, ni kuwa na ɗora komai a kan mafi tsufa.

Yanzu kowace siga cikakkiya nake ajiyewa, da lambar tantancewarta, bambanci kuma sai lokacin nunawa ake lissafa shi. Kowane dare manhajar tana ɗauko tsoffin sigogi ta gwada su, kuma jimlar gwajina cike take da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Shafin Malama dai bai dawo ba. Daga littafinta na rubutu ta sake buga shi, da waya, cikin yammaci biyu.